Wa Ke Amsawa a Shafin Farfesa

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe 1:10 na rana

Shugaban Sashe ya kira ni ofishinsa, ya tashi da kansa ya rufe ƙofa. Shekara tara ina koyarwa a sashen nan, ban taɓa ganin ƙofar nan a rufe ba. Ya tambayi yara, ya tambayi babansu, ya sake tambayar yara. Sannan ya turo mini takarda.

Wani ya rubuta ƙorafi, bai sa suna ba. Wai takardar shaidar da Farfesa ya rubuta mini, wadda na haɗa da neman gurbin binciken nan na wata tara, ba Farfesa ya rubuta ta ba. Wai ya fi shekara rabonsa da riƙe biro.

Dariya na yi. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ko makon jiya mun yi magana da shi."

Ya ce, "A waya?"

Na ce, "A shafinsa na intanet."

Ya ce, "Kin ji muryarsa?"

Na maida idona kan takardar.

Kwamitin bincike zai zauna ranar 25. Kafin nan an dakatar da takarduna.

Litinin, ƙarfe 5:40 na yamma

Bari in rubuta abin da na sani, ko kaina zai daina juyawa.

Farfesa shi ya duba mini digiri na uku a kimiyyar ƙasar noma. Jan Biro muke ce masa a bayan ido, don babi ba ya fitowa daga hannunsa sai ya koma kamar an yanka kaza a kai. Ya yi ritaya shekara huɗu da suka wuce. Yana da shafi a dandalin nan na masu sana'a, inda malamai ke liƙa takardunsu suna taya juna murna. Mutum dubu shida ke bin sa. A can muke magana. A can na roƙe shi takardar shaida, kwana uku tsakani ya aika wa masu gurbin daga adireshinsa, ya turo mini kwafi.

To in ba shi ba ne, wa?

Ya kamata in ji tsoro. Abin mamaki, son sani ya fi tsoron yawa.

Talata, 5 ga wata, ƙarfe 10:00 na safe

Na tura saƙo: "Baba, barka da safiya, akwai maganar da nake so mu yi ta waya." An buɗe. Ba a amsa ba. Na kira lambarsa, a kashe.

Alhamis, 7 ga wata, ƙarfe 3:30 na yamma

Na buga duk saƙonninmu na wata goma sha huɗu a takarda. Shafi talatin da ɗaya. Na baje su a kan teburin ɗakin gwaji bayan ɗalibai sun fita, na riƙa bi ɗaya bayan ɗaya kamar ina duba jarrabawa.

Ga abin da na gani.

Na farko, babu zagi. Jan Biro ba ya gama layi uku bai ce "wannan shirme ne" ba. A shafi talatin da ɗaya babu shirme ko ɗaya.

Na biyu, sau huɗu an rubuta mini "sannu da ƙoƙari". Shekara biyar na yi a ƙarƙashinsa, ranar da na kare digirina abin da ya ce mini shi ne, "To, ba laifi." A lokacin da saƙonnin ke zuwa cewa na yi tsufa ne ya tausasa shi. Har na nuna wa baban yara ina murna.

Na uku, duk saƙonnin tsakanin ƙarfe biyu da huɗu na rana suke zuwa. Kullum.

Amma na huɗun shi ya tsaya mini a rai. A watan da na tura daftarin takardata, an rubuto: "Duba jadawali na biyar. Tsamin ƙasar samfur na 14 ba zai yi daidai da gishirin da kika rubuta masa ba. Ina jin kin musanya shi da na 41." Na koma littafin ɗakin gwaji, haka ne. Mutum uku sun karanta takardar nan kafin nan, har da Shugaban Sashe, babu wanda ya gani.

Ɗan damfara ba ya gyara wa mutum jadawali.

Juma'a, 8 ga wata, ƙarfe 11:15 na safe

Abokin ofishina, wanda kowa ke kira Rediyo, ya riga ya ji. Da ma zai ji.

Ya ce, "Malama, na'ura ce. Irin masu rubutun nan da kansu. Wani ɗansa ya haɗa masa ita, tana ta amsa wa mutane."

Na ce, "Na'ura ta san sunan 'yata ta biyu? Ta san ta yi ƙyanda?"

Ya ce, "In kin taɓa rubutawa a shafi, ta sani. Ni fa har ranar haihuwar surukata wayata ta sani, ni ban sani ba."

Don in huta da shi, na ɗauki tsohon jadawalin nan mai kuskure na ba na'urar da ke kwamfutarsa. Ta yaba mini sosai. Ta ce aiki ne mai tsari.

Rediyo ya sosa ƙeya ya ce, "To aljani ne."

Asabar, 9 ga wata, ƙarfe 4:00 na yamma

Baban yara ya ce, "Gidansu fa minti ashirin ne a mota. Ki je mana ki gani da idonki."

Na ce ina da takardun ɗalibai.

Ban je ba.

Litinin, 11 ga wata, ƙarfe 12:30 na rana

Gaisuwa ta gajarce a baranda. Malamar nan da ke neman in sa sunanta a takardata ta gaba, yau wayarta take kallo har na wuce. A dandali kuma mutum bakwai sun cire ni daga abokan hulɗarsu. Ƙirgawa na yi, kuma na ji kunyar ƙirgawar.

Shafin Farfesa bai motsa ba tun ranar da aka shigar da ƙorafin. Wanda ke can ya sani ke nan. Wa ya gaya masa?

Na bi shafin baya. Cikin shekarar nan mutum goma sha ɗaya sun rubuta godiya: wannan ya samu aiki, wannan ta samu gurbin karatu, duk "da taimakon Baba Farfesa". Goma sha ɗaya ban da ni. Ɗayansu yanzu haka yana wata ƙasa da matarsa da jariri.

Ban je ba.

Laraba, 13 ga wata, ƙarfe 6:10 na yamma

Shugaban Sashe ya tare ni a matakala ya ce, "Yaushe rabonki da ganin Farfesa ido da ido?" Na ce an ɗan jima.

Shekara biyu ne da wata uku.

Ran nan na je masa da ɗan littafin da na fitar. Ya karɓa, ya tambaye ni ina nake koyarwa yanzu. Na faɗa. Muka yi hira. Ya sake tambaya. Na sake faɗa. Da ya yi ta uku, matarsa, wadda duk ɗalibansa ke kira Mama, ta shigo da sauri da tiren shayi, tana ta magana a kan zafin gari.

Ba zan rubuta tunanin da na yi a mota ba. Bayan wata biyu ya liƙa wani dogon sharhi a shafinsa, mai kaifi kamar da, na ce alhamdulillahi, ashe gajiya ce. Na danna masa alamar babban yatsa. Tun daga nan yatsan nake dannawa.

Alhamis, 14 ga wata, ƙarfe 2:20 na rana

Saƙo ya shigo daga shafin: "Ki zo gida ranar Asabar da hantsi. Ke kaɗai."

Asabar, 16 ga wata, ƙarfe 3:00 na yamma

Na dawo. Zan rubuta duka kafin yara su gane na shigo.

Mama ce ta buɗe ƙofa. Ta rame. Ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, sai yau?" Iyakar abin da ta ce ke nan a kan wannan, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Farfesa yana falo a kujerarsa, an yi masa aski, rigarsa a goge. An kwashe ƙananan teburan da ke tsakiya. Kowace ƙofa an liƙa mata takarda da manyan haruffa: KICIN. BAN ƊAKI. ƊAKINKA. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da fara'a, ya tambayi mutanen gida, irin tambayar da ake yi wa baƙon da ba a so ya gane ba a gane shi ba. Yana riƙe da wata mujalla, yana shafa bangonta.

Mama ta ja ni ɗakin karatunsa. Komai na nan yadda na sani, sai dai kujerar an ɗora mata matashi biyu, ga kuma ƙaramin tabarau a gefen kwamfuta. Na dubi tabarau, na dube ta.

Ta ce, "Kin gyara jadawali na biyar ɗin?"

Wallahi zama na yi a ƙasa.

Na ce, "Mama, ke ce?"

Ta ce, "To wa kike zato? Ƙarfe biyu yake barci, huɗu ya tashi. Lokacin nake da shi."

Na ce, "Amma ta yaya kika..." sai na rasa yadda zan ƙarasa ba tare da na yi rashin kunya ba.

Ta yi dariya. Ta ce kafin ya aure ta, ita ce mai wanke kwalabe da auna samfur a ɗakin gwajinsa na farko, shekara shida. Da aka yi aure ta bar aiki, amma aikin bai bar ta ba. Duk takardar da ya taɓa fitarwa ita ta buga, tun ana tafireta. Da idonsa ya fara rauni, ita ke karanta masa babobinmu yana kwance, yana cewa ja layi nan, rubuta kaza.

Ta ce, "Shekara talatin da huɗu. Ko kujerar can da tana da baki, ta san tsamin ƙasa."

Na ce, "Babobina ma?"

Ta ce, "Babinki na uku sau biyar na karanta shi. Kalmar shirme tasa ce. Gyaran waƙafi nawa ne."

Na tambaye ta yadda aka fara. Ta ce tun yana gane abin da ke samunsa ya sa ta yi alkawari kada jami'a ta ji. Ba ya so a zo ana kallonsa ana girgiza kai. Sai saƙonni suka yi ta taruwa. Wata rana wani ɗalibinsa ya rubuto sau shida, gobe za a rufe karɓar takardu, ba shi da kowa sai Baba. Ta san yaron, ta san aikinsa, ta san abin da Farfesa ya sha faɗa a kansa a teburin cin abinci. Ta rubuta.

Ta ce, "Na ce daga wannan shi ke nan. Sai wata ta zo. Sai ke kika turo takarda. Kuma ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi. Daga biyu zuwa huɗu akwai masu tambayata abin da ba magani ba, ba wanki ba."

Na ce, "Takardar shaidata fa? Ya san da ita?"

Ta ce ta karanta masa, ranar yana da dama-dama. Da ta kai sunana ya ce, "Mai taurin kan nan? Ta iya aiki." Ta ce, "In aika?" Ya ce, "Aika." Bayan minti goma ya tambaye ta me aka aika.

Ta dube ni ta ce, "To ke malama ce. Ki gaya mini, tasa ce ko ba tasa ba?"

Ban sani ba. Har yanzu ban sani ba.

Wanda ya kai ƙorafi ma ba ta san shi ba. Wani tsohon abokin Farfesa ne ya kira ya ce ta yi hattara, ana magana.

Da zan tafi Farfesa ya ɗaga mini hannu ya ce in gaida malamaina.

Lahadi, 17 ga wata, ƙarfe 9:00 na safe

Na ƙona ruwan shayi. Ban san ruwa na ƙonewa ba.

Talata, 19 ga wata, ƙarfe 5:15 na yamma

Na gaya wa baban yara. Ya ce, "In kin yi shiru, me za su rubuta a fayil ɗinki?"

Na ce, "Cewa na ƙirƙiri takarda."

"In kin faɗa fa?"

"Su bi goma sha ɗayan nan ɗaya bayan ɗaya. Kuma kafin azahar duk jami'a ta san an liƙa masa takarda a ƙofar ban ɗaki."

Ya ce, "Ke ba ki yi laifi ba."

Na ce, "Wannan laifin ne ban yi ba."

Ya gane shekara biyun da ban je gidan ba nake nufi.

Wani abu kuma da ke ta yi mini yawo a kai, wanda ba shi da alaƙa da kwamiti: cikin abubuwan da nake koya wa ɗalibaina ina cewa "kamar yadda malamina ya ce", nawa ne nasa, nawa ne nata?

Alhamis, 21 ga wata, ƙarfe 2:40 na rana

Na kira Mama a wayarta. Na ce na yanke shawara, zan janye neman gurbin, in ce wa kwamiti ba ni da bayani, su yi abin da za su yi.

Ta ce, "Wa ya sa ki?"

Na ce, "Alkawarin da kika yi masa."

Ta ce, "Ni na yi, ba ke ba. Ƙarfe nawa ne zaman?"

Na ce, "Mama, don Allah."

Ta ce, "Ƙarfe nawa?"

Litinin, 25 ga wata, ƙarfe 1:45 na rana

Ta zo. Ƙanwarta ta zauna da shi a gida. Ta shigo da jakar hannu da wani tsohon fayil mai igiya, ta gaishe da kowa da sunan da Farfesa ke kiransa. Uku daga cikin mutum biyar na kwamitin ɗalibansa ne. Shugaban kwamiti, da furfurarsa, sai da ya miƙe tsaye.

Ta ce, "Ni na rubuta. Yarinyar nan ba ta sani ba, sauran ma ba su sani ba. Ga kwafin kowace takarda, ga ranar da na aika. Duk abin da na faɗa a kan kowa, ku duba, in akwai ƙarya ku nuna mini."

Game da shi, jimla ɗaya ta yi: "Malaminku ba shi da lafiya, kuma bai so ku sani ba." Babu wanda ya tambayi wace irin rashin lafiya.

Wani matashi daga ofishin shari'a, wanda bai san kowa ba, ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, amma ta yaya za mu tabbatar ke ce kika yi gyare-gyaren kimiyyar nan? Ko akwai wani da kike karewa?"

Ta juya wajen Shugaban kwamiti ta ce, "Kai, a digirinka na biyu ka busar da samfurinka a zafin da ya wuce kima, sakamakon ya lalace, ka zo gida kana kuka a baranda. Wa ya ce maka ka sake daga rukuni na uku kawai, ba sai ka sake duka ba?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ke ce, Mama. Na ɗauka saƙonsa kika kawo."

Ta ce, "Barci yake yi ranar."

Wani ya yi dariya, sai kuma ya fasa. Matashin ya rubuta wani abu mai tsawo.

Laraba, 27 ga wata, ƙarfe 11:00 na safe

Hukunci ya fito. An wanke ni. Takardar shaidar ba ta da inganci, gurbin ya wuce, sai wata shekara in Allah ya kai mu. Za a rufe shafin. Goma sha ɗayan nan, malaman sashe za su sake rubuta wa kowa sabuwar takarda, bayan sun duba aikinsa. Rediyo ya ɗauki biyu, yana ta cika baki cewa shi tun farko ya ce mutum ne.

Na zaci rashin gurbin zai fi haka ciwo. Yana ciwo. Amma ba shi nake tunani ba.

Mutum bakwai ɗin nan, huɗu sun sake turo neman abota. Na bar su a nan tukuna.

Laraba, ƙarfe 3:05 na yamma

Na kira Mama na ce in zo in buɗe mata shafi nata na kanta, da sunanta, tunda mutane za su so ta ci gaba da duba musu aiki.

Ta ce, "A'a. Na gaji da magana da hotuna. Mai son in duba masa takarda ya bugo ta ya kawo gida. Ya fara shiga falo ya gaida malaminsa, ya zauna da shi ko rabin awa ne, ko bai gane shi ba. Sannan ya zo wurina."

Na ce, "In gaya musu haka?"

Ta ce, "Ki rubuta a shafinki. Ke ai kina da shi."

Na rubuta. Layi uku. Shi ne abu na farko da na taɓa liƙawa wanda ba taya murna ba.

Asabar, 30 ga wata, ƙarfe 5:30 na yamma

Na je da sabon daftarina. A bakin ƙofa na tarar da takalma ƙafa shida, har da na Shugaban kwamiti. Duk suna zaune a falo a kan darduma, manya da su, kowa da takarda a cinya, babu mai ƙarfin halin fara miƙawa.

Farfesa ya riƙa bin mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ya jawo hannun Mama, ya yi ƙasa da murya, amma duk mun ji.

"Su wane ne waɗannan?"

Ta ce, "Ɗalibanka ne."

Ya sake dubanmu. Ya ce, "Duka?"

Ta ce, "Akwai saura ma."

Ya gyara zama, ya gyara wuyan rigarsa, ya ce, "To a ba su kujeru mana."